Mai Kawo Shayin da Ya Koya Mini Koyarwa

Akwai abin da ya faru da ni a shekarata ta biyu da fara koyarwa, wanda ba na jin zai bar zuciyata har in koma ga Allah. Yanzu furfura ta fito mini, wasu daga cikin ɗalibaina na wancan lokaci har sun yi aure, amma duk sanda na tuna sai in ji kunya ta rufe ni kamar jiya aka yi.

A Madina aka haife ni. Kakannina ne suka zo aikin hajji daga ƙasar Hausa suka zauna, don haka a gida Hausa muke yi, a waje kuwa Larabci. Da na gama karatu aka tura ni wata firamare ta maza a unguwar Bani Harisa, aka ba ni aji ɗaya. Gaskiya ban iya ba. Takardar shaida dai ina da ita, amma ban san yadda ake sa yaro ɗan shekara shida ya bambance harafin jim da na ha ba. Sai in yi ta ɗaga murya, su kuma su zuba mini ido, in koma gida da ciwon kai.

A lokacin ne intanet ya fara shiga gidajenmu, mutane suna buɗe shafukan da muke kira mudawwana, inda mutum yake rubuta abin da ya sani, kowa ya karanta kyauta. A nan na ci karo da shafin wani malamin firamare da bai sa sunansa ba. Ba ado, ba hoto. Amma duk mako sai ya sa darasi ɗaya gajere: yadda za ka sa yara su jera harafi da ƙwallon dabino a ƙasa, yadda za ka zaunar da mai jin kunya kusa da kai ba tare da ya san don shi ka yi ba. Na fara gwadawa. Kafin wata biyu ajina ya canza, yaran da ba sa buɗe baki suka soma rige-rigen ɗaga hannu.

A makarantar akwai wani dattijo mutumin Damagaram, farrash, wato mai shara da dafa wa malamai shayi. Da iƙama ya zo, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin kamfanin da ke kawo ma'aikata. Idan mu biyu ne kawai ina ce masa Baba, mu yi Hausarmu. Idan akwai sauran malamai kuwa, sai in yi kamar ba na jin Hausa. Ban taɓa tambayarsa abin da yake yi kafin ya zo ba.

Wata safiya ina raba wa yara ƙwallon dabino, sai na gan shi tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Bayan an tashi ya same ni.

"Ustaz, in ba ka wata shawara? Kada ka fara ba su ƙwallon. Bari su zana harafin da yatsa a iska tukuna, hannu ya san hanya."

Na yi murmushi kawai. Ranar Juma'a na buɗe shafin, sai ga wannan magana, kusan kalma da kalma. Asabar da sassafe, ranar da muke fara makon karatu, na tare shi a ɗakin shayi.

"Baba, kai ne mai shafin nan?"

Ya gama wanke kofin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Shekara ashirin da biyu na yi ina koyar da aji ɗaya a garinmu, ɗana. A nan takardata ta shara ce, ba a ba ni aji. To, sai nake zuwa shagon intanet a Uhudu ranar Alhamis bayan la'asar, in rubuta da yatsa ɗaya. Na ce ko wani zai amfana."

Daga ranar na zama ɗalibinsa. Duk abin da ya shige mini duhu, ɗakin shayi nake nufa.

Kusan ƙarshen shekara sai mushrif, mai duba malamai, ya zo ajina. Ya zauna darasi guda, ya ga yara suna karatu, ya ji daɗi ƙwarai. Aka koma ofishin mudir, shugaban makaranta, ga malamai sun cika ɗakin. Baba ya shigo da tiren shayi daidai lokacin da mushrif ya tambaye ni, "Wannan hanya, daga ina ka samo ta?"

Amsar tana bakina, mai ita yana tsaye kusa da ni. Amma sai na dubi fuskokin abokan aikina, na ji tsoron su ce ashe farrash ne malamina, su kuma tuna cewa ni da shi yarenmu ɗaya. Na ce, "Ƙoƙarina ne kawai, da taimakon Allah."

Baba ya matso. Ya ajiye kofi a gabana, ya ce, "Tafaddal, ya ustaz." Wannan ne karo na farko da ya yi mini Larabci. Na kasa shan shayin.

Na yi niyyar ba shi haƙuri, wallahi na yi. Amma kullum sai in ce gobe. Na daina shiga ɗakin shayi, idan na hango shi in canza hanya. Shi kuwa bai fasa rubutu ba, ni ma ban fasa karantawa ba. A haka aka yi jarrabawa, aka ba da dogon hutu.

Da aka dawo, wani mutum daban na tarar da tsintsiyar. Aka ce kwangilar kamfanin ta ƙare, ba a sabunta iƙamar Baba ba, ya koma gida. Shafin ya tsaya cak a kan wani darasi na yadda ake tarbar yaro ranar farkonsa a makaranta. Na yi ta rubuta saƙo a ƙarƙashinsa, da Hausa, babu amsa. Na shiga nema a rumfunan Uhudu, har na sami wani ɗan garinsu mai sayar da carbi.

"Malam kake nema?" in ji shi. "Ai Allah Ya yi masa rasuwa, wata biyu da komawarsa. Da ma bai da lafiya, ɓoyewa yake yi."

Na yi salati, na yi masa addu'a. Washegari na je wurin mudir, na faɗa masa gaskiya daga farko har ƙarshe. Ya saurare ni, ya ɗan yi tunani, sannan ya ce, "Wane farrash ke nan?" Ko fuskarsa bai tuna ba.

Abin da na koya, na koye shi a makare. Wanda ya ba ka ilimi haƙƙinsa ne ka ambace shi, a gaban mutane, yana raye yana ji, ko da tsintsiya ce a hannunsa. Kuma haƙurin da za ka bayar yau, kada ka kai shi gobe, don ba kai ke da goben ba. Allah Ya jiƙan Baba, ni kuma Ya yafe mini.