Ranar da Baba Mati Ya Sa Surukaina Yankan Gero

Ku da kuka san Baba Mati, ƙanen mahaifinmu, kun san aljihunsa ba ya rabuwa da zangarniyar gero, bakinsa kuma ba ya rabuwa da magana ɗaya: "Akwai shi gona." Ka ce kanka na ciwo, akwai shi gona. Ka ce sabulu ya ƙare, akwai shi gona. Ran da jikarsa ta ce tana son waya mai hoto ne kawai ya sauya magana, ya ce, "Wannan bana ba mu shibka ba."

Shi ne waliyyina, tunda mahaifinmu ya rasu. Wanda zan aura kuwa, Lawali, mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, ɗan Mayahi. Mahaifinsa Alhaji Sani tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutumin shadda da turare. Ni 'yar ƙauye daga gefen Urafan, tsorona ɗaya ne, kada su zo su raina gidanmu.

Sai Baba ya tashi ya sa rana a tsakiyar kaka. Innarmu ta riƙe baki. "Mati, kowa na gona, wa za ya zo biki?"

"Su zamna can," in ji shi. "Bikin za ya iske su."

Muka ɗauka wasa yake. Lawali ya ce zai buga katin gayyata a Tasawa, Baba ya hana. Kowane gida aka aika masa zangarniya guda da goro biyu ɗaure da kaba, har gidan Alhaji Sani. Da yamma Alhajin ya kira ɗansa yana tambaya, "Wannan gayyata ce ko zakka?" Ranar ko abinci ban iya ci ba don kunya. Na je na durƙusa na roƙi Baba ko kujeru da tanti a ɗauko haya. Kun san amsar da na samu.

Safiyar ɗaurin aure ina ɗaki a lulluɓe, ƙawata Rabi ta faɗo tana haki. Wai ƙofar gidanmu ba kowa, duk an kwashi jama'a an yi bakin gonar Iya Hajo, tsohuwar da ke bayan gidanmu. Na yar da mayafi, na hau turmi, na leƙa ta kan danga. Rumfa ce ta kara, an rataya mata kabewa da jan soɓorodo. Kujerun kuwa damman kara ne aka shimfiɗa wa tabarmi, ga surukaina a kai sun tattare riguna.

Aka shafa fatiha, faifan goro da dabino ya zagaya. Sai faifai na biyu ya biyo baya, cike da ƙananan wuƙaƙen yankan gero. Baba ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, gonar ga ta Hajo ce. Ɗiyanta na ci-rani, ƙahwa ta hana ta, jibi kuwa a ke sakin bisashe su shiga gonaki. Ba a kwasa tuwo sai an ɗaure damen ƙarshe. Ango, bismilla."

Na ga direban Alhaji ya je ya buɗe ƙofar mota. A raina na ce shi ke nan, auren da aka ɗaura yanzu ya mutu tun goron bai bar baki ba. Alhaji Sani ya juya wuƙar a hannu, ya dubi farar shaddarsa, ya dubi Baba.

"Malam Mati, shekara arba'in rabona da wanga aiki."

"Gero bai sake ba, Alhaji. Har yau daga wuya a ke yanka shi."

Sai Alhaji ya cire babbar rigarsa, ya rataye ta a reshen gawo, ya kutsa cikin gona. To wa ya isa ya zauna? Malaman lakwal, 'yan kasuwa, har liman, duk suka bi shi, mata na tattara zangarnu suna guɗa. Kafin azahar an cika rumbun Iya Hajo. Ita kuwa tana zaune sai hawaye take, ta aiko mini da tsohuwar ƙwaryarta mai zane, wadda har yau nake dama fura a ciki. Surukina ya ci malmala biyu yana sosa ƙaiƙayi, ya ce wa Baba, "Ban taɓa zuwa bikin da anka wahalshe ni haka ba. Akwai sauran miya?"

Bara da kaka Baba ya kwanta, a kwana na huɗu ya rasu, geronsa na tsaye a gona ba a yanka ba. Ranar sadakar uku sai ga mota daga Mayahi. Alhaji Sani ya fito yana dogara sanda. Bayan ya yi gaisuwa, ya sa hannu a aljihu ya zaro 'yar wuƙar nan, ashe tun ranar bikin bai mayar ba. Ya ce, "Ina gonar?" Gari kaf ya tashi ya bi shi. Ni dai kasa tashi na yi, ina rungume da rigar Baba, zangarniyar na nan a aljihu.

Allah ya jiƙan Baba Mati, ya haskaka makwancinsa. Abin da ya shuka a tsakaninmu, Allah ya sa ya iske shi a can ya nuna.