Birgin Kaka da Man Iya

Ana gyaran titin da ya bi ta ƙofar gidanmu a Kazaure, kuma tun safe warin dafaffiyar kwalta yake shigowa har tsakar gida. Yarana suna ta toshe hanci. Ni kuwa da na shaƙe shi sai na tuna da kwalekwalen kakana.

Kaka masunci ne, mahaifin babana. A bakin dam yake wuni, yana da tsohon kwalekwale na katako da birgi guda ɗaya, wato ragar nan da ake wurgawa ta buɗe kamar faifai ta nutse da nauyin darma. Da hannunsa ya saƙa shi, ya cinye rani guda yana saƙar. Da wannan birgi ake cefanen gidanmu. Matarsa, wadda muke kira Iya, 'yar manoma ce daga wajen Roni, sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli. Ba ta son ƙarnin kifi ko kaɗan. Tun kafin a haife ni ta kafa dokar cewa kayan kamun kifi ba sa wuce zaure, Kaka kuma bai taɓa ja da ita ba.

Wata bazara kwalekwalen ya fara shan ruwa. Kaka ya samo ragowar kwalta a wajen masu aikin hanya, ya narka ta a tsohon gwangwani, ya bi duk tsagar katakon ya liƙe. Aiki ya yi kyau. Sai dai washegari Baffa, ƙanin babana, ya dawo daga su ya jefa birgin cikin kwalekwalen, ya tafi sallar Juma'a. Kun san ranar bazara a tsakanin duwatsun nan namu. Kafin la'asar kwalta ta yi laushi ta kama raga. Da Baffa ya fizgo, sai ta biyo a dunƙule, ta haɗe idanun ragar wuri guda, baƙi ƙirin.

Baffa ya ce a jiƙa shi da kalanzir. An gwada a gefe ɗaya, kwaltar ta saki kuwa, amma duk wankin da aka yi warin bai fita ba. Kaka ya sunsuna ya girgiza kai. Ya ce kifin da ya kwanta a wannan raga babu matar da za ta soya shi ta sayar. Ya zauna a zaure da birgin a gabansa, yana jujjuya shi, bai yi wa kowa faɗa ba. Ban taɓa ganinsa zaune a gida da rana tsaka ba sai a lokacin. Ruwa ya ja baya, lokacin kamun tarwaɗa ne, abokansa suna ta fita.

A ɗakin Iya akwai wata tukunya da ta rufe da faifai, cike da man gyaɗa da take tarawa don garar ƙanwar babana, wadda bikinta ya matso. Ko mu jikoki ba ma zuwa kusa da ita. Da hantsi Iya ta leƙa zaure, ta daɗe tana kallon mijinta, sannan ta ce da ni, "Je ki ce wa kakanki ya shigo da abin nan."

Na je na faɗa. Kaka ya ɗago ya ce, "Cikin gida ta ce?"

"Cikin gida, Kaka."

Iya ta shimfiɗa tsohon buhu a gindin darbejiya, ta ɗaura tsumman zani, ta ɗora birgin a cinyarta. Ta ce ta taɓa cire ƙaro daga gashin yaro da mai, ba ta ga abin da zai hana kwalta bi ba. Ta riƙa ɗiban man da ludayi tana zubawa a kan dunƙulen, ta bar shi ya jiƙa, sannan ta murza da yatsu a hankali. Kwaltar ta narke ta koma kamar baƙin kunu. Ni aikina in goge da tsumma, in watsa dusa ta tsotse maiƙon. Ido ɗaya bayan ɗaya muke bi. Bayan nan aka wanke da ruwan toka mai ɗumi da sabulun salo, a cikin gida, don Kaka ya hana a kai ruwan wankin bakin dam, ya ce zai kashe 'ya'yan kifi.

Shi kuma kwalekwalen da sanyin safiya Kaka da Baffa suka kankare shi, lokacin da kwalta take da tauri. Suka rage tudun da sakaina, suka barbaɗa rairayi a kan abin da ya saura don kada ya sake kama komai.

Aikin ya ɗauki kwanaki, ya kuma ci kusan rabin tukunyar. Farcen Iya ya daɗe bai koma fari ba. Da ƙanwar babana ta ɓata rai, Iya ta ce mata, "Gyaɗa tana nan, zan sake matsa. Ubanki idonsa ba zai sake saƙa wani ba." Da birgin ya bushe Kaka ya fita, ya dawo da tarwaɗa cike da ƙwarya. Ranar biki kuma an kai gara daidai gwargwado.

Kaka da Iya duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Ɗan Baffa ne ke kamun kifi yanzu, da kwalekwalen langa-langa da ragar roba ta kasuwa. Kwanakin baya baƙin man injin ban-ruwa ya ɓata masa raga, na tarar ya yar da ita a bayan gida. Na fara koya masa yadda ake cire shi da man gyaɗa, sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai man da zan ɓata ya fi ragar tsada."

Gaskiyarsa ce, ban musa masa ba. Ragar da ya yar babu wanda ya san hannun da ya saƙa ta.