Akori-kurar Gwaggo Lamduan

A garinmu Pran Buri, duk mai jigilar abarba zuwa Bangkok ya san dabarar. Ka sayi sabuwar akori-kura, ka ƙara mata sifirin uku a baya, ƙarafan nan masu tallafe nauyi, ta ɗauki lodin mota biyu. Ranar sabis ka kwance, ka kai ta kamfani kamar ba ta taɓa laifi ba. In suka gano ƙarin, garanti ya tashi.

Kowa na yi, ban da Gwaggo Lamduan, yayar babana. Shekara ashirin tana kan hanyar nan. Ga ta 'yar firit, sai ta ɗora matashi take hango gaban mota.

"Gwaggo, sawu biyu kullum?" na ce mata. "Ni sau ɗaya nake zuwa, in dawo in yi barci. Kawo ta in ɗaura miki."

"Wichai, taɓa min mota ka ga yadda ake fere mutum. Akwai wani ɗan kuka a giya ta huɗu. Kamfani ne zai gyara shi, ba ni ba."

Ni ban ji kukan komai ba. Na ce kunnen tsufa ne. Ta jefe ni da kan abarba.

Garantinta zai ƙare ne a kilomita dubu ɗari. Kowane dubu goma tana can, ta sa a juye baƙin mai, ta tsaya a kan yaron ofis sai ya rubuta a littafin sabis cewa ta yi ƙorafin giya. Har suka sa mata suna Mai Giya Huɗu.

Ranar da muka je sabis tare, na kwance sifirin ɗina tun da safe. Bakaniken ya shiga ƙarƙashin tawa, ya fito yana dariya.

"Ɗan'uwa, ko'ina jar laka, notuna huɗu kaɗai ke ƙyalli. Su kaɗai ka wanke?"

Nan take aka soke garantina. Gwaggo ko kallona ba ta yi ba, shinkafarta take ci.

A dubu casa'in da bakwai giyarta ta fara gurnani sosai. Manajan kamfani ya soma cewa ai nauyin lodi ne. Ta buɗe masa littafin, ƙorafi tara da rubutun mutanensa. Ta ce ya sunkuya ya duba notunanta. Sun yi tsatsa, ba a taɓa kwance su ba. Suka sa mata sabon giyabos.

Ran da mita ta cika dubu ɗari, garanti ya ƙare, ta rataya sabbin furanni a madubi, ta tsaya a ƙofar gidanmu tana danna oda.

"Wichai! Ɗauko sifana. Sifirin biyar nake so, ba uku ba."