Hoton Bayan Mma

A shekarar da maƙwabtanmu da yawa suka ɗaure kaya suka bar ƙasar ne bayan Mma ya fara ciwo. Mma ita ce mahaifiyata, koko take sayarwa a bakin titi a unguwar Akwatialine. Shekarun baya an cire mata nono ɗaya saboda ciwon daji. Don haka da ta fara dafa bango kafin ta miƙe, kowa a gida ya san abin da muke tsoro, ba dai wanda ya furta.

Na goya ƙaramar 'yata na raka Mma asibiti, aka ɗauki hoton ƙashin bayanta. Likita ya ɗaga hoton wajen haske, ya nuna mini wani farin tabo daidai ƙugu. Wata nas 'yar Asante ce ke mayar mana da maganarsa. Ta ce ko dai dajin ne ya bi ƙashi, ko kuma tsohon tabo ne, irin na masu ɗaukar kaya a ka. Na daji girma yake yi, tsoho kuwa yana nan yadda yake.

Nas ta tambayi Mma, tana kiranta uwa da yarensu, "Maame, an taɓa ɗaukar ki irin wannan hoto?"

"An ɗauka, kafin a yi mini aiki. Suka ba ni na tafi da shi."

"Yana ina?"

Mma ta gyara mayafinta. "Yana taga."

Gilashin tagar ɗakinta ne ya fashe. Ta ga abu mai ƙwari wanda ba ya jin ruwa, sai ta kafa shi da ƙusa. Nas ta yi dariya har ta riƙe tebur. Ni kam na kasa.

Da muka koma gida na sa bakin wuƙa ina ɓamɓare ƙusoshin. Rana ta cinye gefe guda, amma tsakiyar na nan. Mma na zaune kan tabarma tana kallona.

Ta ce, "A hankali, 'yar nan. Kada ki yaga, ba ni da wani."

Washegari likita ya jera hotunan biyu. Ya aza ma'auni kan tsohon, ya aza kan sabon. Ban ji Turancinsa ba, fuskar nas nake kallo.

Ta ce, "Daidai suke, Maame. Tabon ya riga aikin. Za mu duba jini, ki kuma dawo bayan azumi a sake hoto. Amma tukunyar koko, kin gama ɗauka."

A hanyar komawa gida muka kai inuwar wani mangwaro. Nan Mma ta tsaya, ta yi hamdala ƙasa-ƙasa. Sannan ta ce in kwance yarinyar in ba ta.

Na ce, "Mma, yanzu fa aka hana ki kaya."

"A cinya zan riƙe ta."

Muka zauna kan saiwar bishiyar, na miƙa mata ita.