Tauren Kirsimeti Mai Ido Ɗaya

Shekara shida ina yanka wa mutumin nan taure ranar Kirsimeti, kuma duk tsawon shekarun ban san abin da nake yankawa ba.

Mai Ruwa muke ce masa. Shi ke riƙe da makullin ƙofar kanal ɗin da ke shayar da gonakinmu na rani, nan tsakanin Kura da Bunkure. Daga ƙasar Jos aka turo shi a farkon shekarun tamanin, Kirista ne, yana zaune da iyalinsa a kwatas ɗin ma'aikata da ke bakin kanal. Ni kuwa ina noman alkama da tumatir, kuma ni ne ladanin masallacin unguwarmu. Ladancin nan a hannun mahaifina na gaje shi, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da shi. Ba lasifika, amma in na ɗaga murya da asuba har a kwatas ana ji. Mai Ruwa ma da kirana yake tashi ya je ya buɗe ƙofa.

A shekararsa ta biyu ya same ni a gona, ya ce yana so in yanka masa taure ranar bikinsu. Mu a lokacin abin da muka sani game da Kirsimeti bai taka kara ya karya ba: manyan motoci su zo su kwashi tumatir su yi kudu, kaji su yi wuya a kasuwa, ma'aikata su tafi hutu. Sallar Kirista muke ce mata. To ni da na ji salla, ga dabba, ga wuƙa, sai na yanke wa kaina hukunci cewa layyarsu ce. Ban tambayi kowa ba. In tambayi me, abin da yake a fili?

Tun daga nan na ɗauki abin da muhimmanci. In ya sayo taure sai na duba haƙora, na duba ido da ƙafa, don dabba mai aibi ba ta layya. Ba na yanka sai sun dawo daga coci, tunda mu ma ba ma riga liman. Kowace shekara sai na tambaye shi, "Limaminku ya yanka?" Shi kuma ya kwashe da dariya ya ce, "Ladan ke nan!" Ni dariyar nan na ɗauke ta a matsayin amsa. Na hana shi sayar da fatar, ya bi. Kuma bayan na yi bisimilla, kafin wuƙa ta sauka, sai in ƙara a hankali: Allah ka karɓa daga bawanka. Wannan ko shi bai san ina faɗa ba.

A shekara ta bakwai da fara yankan, wasu samarinmu da suka yi karatu a birni suka dawo da wa'azi mai zafi. Suka kai ƙarata wajen liman. Saura kwana uku Kirsimeti, bayan la'asar, liman ya tsayar da ni a gaban jama'a. Dattijo ne mai sanyin hali, ya ma kasa kallon idona.

"Malam Ladan," ya ce, "yaran nan sun ce kana taya Kirista bauta. Ka bari bana kawai, har maganar ta kwanta."

"Allah gafarta Malam, shekara shida ana kawo maka kwanon naman nan daga kwatas, ya taɓa komawa da nama a ciki?"

Na san na wuce gona da iri, amma zuciya ta riga ta hau. Na ce layyar mutum ce, kuma Annabi Ibrahim kakanmu ne mu da su. Na ce ba zan zama sanadin da bawan Allah zai rasa ibadarsa ta shekara ba. Ɗaya daga cikin samarin ya buɗe baki zai yi magana, na daka masa tsawa na ce ranar sunansa ni na yanka ragon. Da na bar yaron nan ya ƙarasa, wataƙila da ban rubuta wannan ba.

Liman ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "To sai ka zaɓa, ko wuƙar ko kiran sallar."

Na ciro makullin masallaci daga aljihu, wanda mahaifina ya riƙe har ya mutu, na ajiye a kan buzun liman, na sa takalmina. Da na isa gida na faɗa wa maiɗakina, ta dube ni ta ce, "Malam, wannan zuciyar taka, Allah ya sa ba ita za ta kai mu ƙasa ba." Mai Ruwa kuwa ban gaya masa ba. Kwana biyun da suka biyo baya ya tafi birni da iyalinsa sayayyar biki, bai ji komai ba.

Ranar Kirsimeti na wasa wuƙata, na jira har na hango su sun dawo daga coci cikin sababbin kaya. Na shiga kwatas da sallama, kaina a sama, ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Mai Ruwa ya jawo tauren daga bayan ɗaki. Ina dubawa gabana ya faɗi. Idonsa na dama fari fat, a mace.

"Mai Ruwa, wa ya cuce ka? Wannan ai ba ya yi!"

"Me ya same shi? Dubi ƙibarsa."

"Ido ɗaya ne! Tsaya in je gida in kawo maka nawa, mu yi musanya."

Ya dube ni da mamaki. "Haba Ladan, idon za mu ci?"

"Ba maganar ci ba ce. Allah ba ya karɓar layya mai aibi."

"Wace layya?"

Wallahi har yau in na tuna kalmomin nan biyu sai na ji sanyi a bayana. Ba wasa a fuskarsa. Na ce layyarku mana, ta Kirsimeti. Matarsa da ke tsince shinkafa ta ajiye faranti. Ya ce, "Ladan, mu ba mu da layya. Ibadar mun gama ta tun ɗazu. Mun yi waƙa, mun yi addu'a, an karanta mana labarin haihuwar Almasihu. Shi ke nan Kirsimeti. Wannan tauren na ci ne kawai. Babana dattijon coci ne, har ya rasu bai taɓa yanka ko kaza ba ranar nan, bai da ita."

"To limaminku fa? Ba ya yanka?"

"Fasto? Yana gida yana jiran a kai masa nasa."

"Fatar fa da nake hana ka sayarwa?"

"Na zaci haka dokar yankanku take."

Na nemi turmi na zauna. Shekara shida ina duba haƙoran nama na miya. Shekara shida ina roƙon Allah ya karɓi abin da mai shi bai miƙa ba. Na tsaya a gaban jama'a na ci mutuncin dattijo, na jawo sunan Annabi Ibrahim, na ajiye gadon ubana, duk a kan soyayyen nama da shinkafa. Na ji kunya, na ji haushi, kuma ban san wanda zan ji haushinsa ba sai kaina.

Da ƙyar na ce, "To in nama ne kawai, me ya sa sai ni? Ba ka da wuƙa?"

Matarsa ce ta amsa. "Baba Ladan, shekararmu ta farko shi ya yanka da hannunsa. Na dafa, na zuba a kwanuka, na aika gida-gida. Duk suka dawo yadda suka tafi, ko murfi ba a ɗaga ba. Har na gidanka. Na zauna a nan inda kake na yi kuka."

Na tuna. Ni da bakina na ce a mayar.

Mai Ruwa ya ce, "Shi ya sa. Don ku ci. A garinmu ranar nan ba a cin abinci ƙofa a rufe."

Muna nan, tauren yana cin ɓawon lemo a ƙasa, sai kiran azahar ya taso daga unguwarmu. Siririyar murya ce, ta ɗaya daga cikin samarin, iska na kawo ta tana yankewa. Mai Ruwa ya juya wajen masallaci, ya saurara, sannan ya juyo ya dube ni, ya dubi wuƙar da ke hannuna. Na ga dariyar ta bar fuskarsa.

"Ladan, kana nan, wa ke kiran salla?"

Na miƙe na naɗe hannun riga. Na ce, "Kama mini ƙafafunsa."

Ya kama. Na juya tauren alƙibla, mataccen idon yana sama yana kallona. Na ce bisimillahi, Allahu akbar. Bakina ya buɗe da kansa zai ƙara addu'ar da ya saba, na rufe shi, na yanka.

Na wanke hannu a kanal, na yi alwala a nan, na tafi masallaci na sami sahun baya. Makullin bai sake dawowa hannuna ba.