Sadakar da ta kashe min had-dis

Jama'a, yau na ga sakayyar kirki!

Kun san sana'ata, ɗaukar bidiyon biki a Birnin Kudu. Makon jiya na sauke tsofaffin wasannin ƙwallo daga intanet ta toren, manhajar da mutane ke jan fayil daga kwamfutar juna, na zuba a had-dis ɗin da nake adana bidiyon aikina. Abokina Nura ya ce, "Kar ka rufe, bar shi wasu ma su ja daga wajenka, ai sadaka ce." Na bar shi.

Tun daga ranar fitilar had-dis ba ta huta ba. Ka taɓa shi, zafi kamar dutsen guga! Na duba, abin da yake turawa ɗan kaɗan ne, amma karatu yake kamar mahaukaci.

Yau da hantsi sai na ji ƙas, ƙas, ƙas. Shiru!

Na ruga wajen mai gyara, na gaya masa yadda aka yi. Ya kara a kunne, ya ce, "Maigida, kowa gutsurensa daban yake ja, allurar ciki ta yi ta tsalle har ta gaji. Wannan ya tafi."

Bidiyon bikin 'yar wani Alhaji na Farin Dutse yana ciki! Har da addu'ar da mahaifiyarsa ta yi wa amarya, kuma tsohuwar ta rasu bayan bikin. Katin kyamara kuwa tuni na ɗora wani bikin a kai.

Ina dawowa na tarar da Alhaji a ƙofar shago. Ya ce, "Malam, muryar Inna kawai muke so mu ji."

Na kira Nura. Wai, "To, ai ka samu lada."

Nura, na ga kana karantawa. Alhaji yana nan zaune a bencina. Zo ka yi masa bayanin ladan.