Ranar da na gudu daga filin Magarya

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Kawu Laminu makwancinsa a Dungas, kuma har yau in na ji ƙarar usur sai gabana ya faɗi. Ƙanen mahaifiyata ne. A gida Kawu, a lakwal, wato makarantar boko, Mushe muke ce masa don malaminmu ne, kuma kaiton wanda ya kira shi Kawu a cikin aji.

Shekarun bayan babban farin nan ne, ina ɗan sha huɗu. Doka ta ce kowane mako a fitar da 'yan lakwal su motsa jiki. Iyaye suka ce sakarci ne: yaron da ya wuni da hauya, ya ja guga a rijiya, wane motsi ya rage masa? Balo ɗaya muke da ita ta bugawa, ita ma ƙaya ta gama da ita. Ni kuwa shan inna ta shanye mini ƙafar hagu tun ina goye, don haka in aka fita fili, gindin gawo ne rabona.

Kawu bai iya ganin mutum zaune ba. Wata Laraba ya ce daga yau langa za a yi, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya ya yi tsalle da ɗayar. Nan fa abu ya juye. Abin da sauran ke koyo suna tangaɗi, ni da shi na tashi. Na riƙe shanyayyar, ta dama ta tsaya kamar taɓarya. Kafin kaka, Kawu ya mai da ni ruwa, wato wanda dole ya kai gida yayin da sauran ke kare shi.

Da aka kira gasar lakwal-lakwal a Magarya, mu shida muka tafi a bayan motar kaya. Can aka raba mana gajeren wando, aka ce ba mai shiga fili sai da shi. Ni ko a Dungas da dogon wando nake wasa, ban taɓa bari an ga ƙafar ba. Na dubi 'yan matan kolaji jere a bakin fili, na dubi wandon. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ni na ɓoye. Na sulale bayan wata katanga, ina jin usur, ina jin ana kiran sunana, Isufu.

Daga baya na ji direktan lakwal ɗinmu ya ce a sa wani a madadina. Kawu ya ce, "Wurin Isufu ne, Direkta. In ba shi nan, a bar shi haka." Biyar suka kara da shida, aka cinye mu. A hanyar komawa ba wanda ya dube ni. Kawu ya miƙo mini ƙuliƙuli, bai tambaye ni komai ba.

Yanzu in na bi ta gaban lakwal, ina ganin samari sun jingina da bango, kowa ya sunkuya kan wayarsa, kasuwa ma sai a kan kabu-kabu. Me Kawu zai ce? Ina jin ba zai yi wa'azi ba. Zai leƙa ya ga wa aka bari zaune, ya ƙirƙiro wasan da sai da shi. Ni da na san haka, sau nawa na shiga na yi magana? Ko sau ɗaya. Ina wucewa da sandata, raina na suya.

Bai bar dukiya ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunansa ba. Abin da ya bar mini nauyi ne, don da ya zane ni ranar, da tuni na huta. Kusan shekara talatin muna cin tuwo a kwano ɗaya bai ta da zancen ba, ni ma kunya ta ɗaure mini baki. Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi na zauna bakin tabarmarsa, na ce, "Kawu, ranar nan ta Magarya…"

Na zaci zai ce ya yafe. Ya ɗago kai da ƙyar.

"Da mun ci su, ɗana," in ji shi. "Na ga ruwansu. Wallahi bai kama ƙafarka ba."